KAYAN MANIYYACI: ABIN DA ZA A ƊAUKA DA ABIN DA ZA A BARI A GIDA

Jama'a, idan Allah ya nufi wani a gida da zuwa Makka, gidan duka ne ke shiri. Wannan ya kawo jaka, wancan ya kawo riga, wata ta daka yaji, wani ya zo da saƙo. Kafin a ankara kaya sun yi tudu a tsakar ɗaki, mai tafiya kuwa bai san rabin abin da ke ciki ba. Mu da muke aiki a ɗakin shan magani mukan ga alhazai sau biyu, watau ranar da suka zo allura kafin tafiya, da ranar da suka zo neman magani bayan sun dawo. Yawancin abin da ke kawo su karo na biyu, da an gyara jaka tun a gida da bai faru ba. Don haka aka rubuta wannan takarda. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman in Baba ko Inna ne mai tafiyar.

Ka'idar ɗaya ce, ku riƙe ta: a haɗa kaya bisa ga aikin da jiki zai yi kowace rana. Abin da ba ka iya faɗin ranar da za ka yi aiki da shi ba, bar shi a gida.

AIKIN HAJJI AIKIN ƘAFA NE

Kakanninmu sun tafi Makka a ƙasa, ta Barno da Chadi da Sudan, har bakin Bahar Maliya. Waɗansu sun yi shekaru a hanya, waɗansu ma can suka zauna. Tun daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara ɗibar alhazai daga Kano, yau kuwa cikin awa biyar ko ƙasa da haka an sauka. Wannan sauƙin yakan ruɗi mutane, su ɗauka tafiyar duka a zaune ake yin ta. Ba haka ba ne.

Duba ka gani. Ɗawafi kewaye bakwai ne cikin turmutsitsi. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau bakwai, jimlarsa wajen kilomita 3. Ranar 8 ga Zulhajji a fita Mina a kwana cikin tanti. Ranar 9 a wuni a Arfa. Rana ta faɗi a tafi Muzdalifa a kwana a fili, ba rufi. Ranar 10 a yi jifa, a yi aski, a sauka Makka a yi ɗawafi. Sa'an nan a koma Mina kwana biyu ko uku, kullum a taka zuwa wurin jifa a dawo. Akwai motoci, akwai jirgin ƙasa, amma a cikin taron da ya wuce mutum miliyan 1.8, kamar yadda aka yi a 2024, mota takan tsaya cik, mutum ya sauka ya ƙarasa da ƙafa. Ban da wannan ga ziyarar Madina, wadda ke da nisan wajen kilomita 450 daga Makka. Kowane wuri da irin abin da yake bukata.

JAKA UKU

Raba kayanka uku tun a gida.

Ta farko babbar jaka. Ita takan shiga cikin jirgi daban, kuma masauki take zama a Makka sa'ad da aka fita Mina. A cikinta za a sa tufafin canji, da sabulu, da reza, da almakashi, da abin yanke farce, gama ba a yarda da abu mai kaifi a jakar hannu ba.

Ta biyu ƙaramar jaka, mai rataya biyu da ake goyawa a baya. Ita ce abokiyar zamanka a jirgi, ita ce kuma za ka tafi da ita Mina da Arfa da Muzdalifa. Gwada ta a gida: cika ta, ka goya, ka taka zuwa kasuwar ƙauyen da ke makwabtaka da ku ka dawo. In kafaɗa ta yi tsami, rage.

Ta uku 'yar jakar wuya ko ɗamara mai aljihu, wadda ba ta rabuwa da jikinka ko a banɗaki. A nan za a sa kuɗin guzuri, da katin masauki, da katin shaidar alhaji. Tun 2024 ana ba kowane alhaji katin da ake kira Nusuk, ba a shiga wuraren ibada sai da shi.

A shekarun baya an saba ba alhazan Nijeriya izinin kilo 32 a babbar jaka, kilo 8 a ta hannu. Wannan yakan sauya, saboda haka ka ji na bana daga bakin ma'aikatan hukumar alhazai a wurin bita. Ka rubuta sunanka da jiharka a bayan kowace jaka, ka sa wata takardar a ciki, ka ɗaura wani ƙyalle mai launi a hannunta, domin jakunkunan jiha ɗaya duk kamarsu ɗaya.

HARAMI DA TUFAFI

Kai namiji, haraminka ƙyalle biyu ne farare marasa ɗinki, ɗaya a ɗaura, ɗaya a yafa. Ɗauki biyu-biyu, watau ƙyalle huɗu. Wanda aka yi Umra da shi yakan yi dauɗa, wanda aka kwana da shi a Muzdalifa kuwa ba ya kallon arziki. Zaɓi na auduga, irin mai kama da tawul mara nauyi, domin yana shan gumi. Wanke shi sau biyu kafin tafiya don ya yi laushi. In ta Jidda za a sauke ku, kuma Makka za ku wuce, to haramin ya kasance a jakar hannu, kada ya tafi cikin babbar jaka.

Ga wani abin da maza ba su cika faɗa ba don kunya. Wanda ya saba da wando, in ya yi doguwar tafiya ba wando cikin gumi, cinyoyinsa sukan yi ta gugar juna har fata ta saɓe. Mai jiki ya fi shan wannan wahala, har ka ga dattijo yana tafiya a tale kamar ɗan kaciya. Maganinsa ƙaramin gwangwanin basilin mara ƙanshi, a shafa tun kafin a fara tafiya, a wanke wurin a tsane shi kullum.

Ke mace, haraminki tufafinki ne na sutura, fuska da tafin hannu a buɗe. Zaɓi dogayen riguna na auduga masu yalwa, masu haske, guda huɗu ko biyar, da hijabi uku marasa kauri. Leshi mai duwatsu da yadin roba su zauna a akwati sai kin dawo. Yadin roba ba ya shan gumi, baƙi kuwa zafin rana yake kwasa. Kada rigar ta riƙa jan ƙasa, gama a cikin taro ana takawa, a matakala mai tafiya da kanta kuwa tana iya kamawa. Sa dogon wando mai laushi a ciki. Ki ɗauki audugar mata ko da lokacinki bai yi ba, domin gajiya takan sauya lissafi. Mai son shan maganin jinkirta al'ada ta je ta ga likita tun da sauran wata biyu, kada ta karɓa a hannun ƙawa.

Ban da harami, namiji ya ɗauki riguna marasa nauyi uku ko huɗu. Babbar riga mai aiki ba ta da ranar sawa a can. Tufafi sukan bushe cikin awa ɗaya ko biyu a Makka, saboda haka sabulun wanki da 'yar igiyar shanya sun fi riga goma amfani. Sabulun wanka ya zama mara ƙanshi, don kwanakin harami.

Ko da zafi ake yi, ka sa mayafi ɗaya mara nauyi. Na'urar sanyaya ɗaki a jirgi da mota da tanti takan sa tsoho rawar ɗari. Ku tuna kuma Hajji yana matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara. A 2024 tsakiyar watan Yuni aka yi shi, a 2025 farkon Yuni. Da haka zai yi ta ja baya har ya shiga lokacin sanyi, kuma Madina da Muzdalifa suna da sanyin dare na gaske a hunturu. Kada ka haɗa kaya da labarin wanda ya tafi shekara goma da suka wuce.

TAKALMI

In akwai abu ɗaya da za ka kashe wa kuɗi, takalmi ne. Namiji mai harami takalmin da ya bar idon sawu a buɗe yake sawa. Nemi mai taushin ƙasa, mai kauri, wanda ba ya santsi a kan dutse mai ruwa. Silifan roba na wanka daban, ba shi ne na tafiya ba. Mace ta nemi takalmi shimfiɗaɗɗe da safa ta auduga.

Kada ka tafi da sabon takalmi fil. Saye shi tun da sauran wata guda, ka riƙa zuwa gona da masallaci da shi, ya saba da ƙafarka. Sabon takalmi bororo yake yi, bororo ya fashe ƙura ta shiga, sai gyambo.

Ɗinka 'yar jakar ƙyalle ta takalmi. In za ka shiga masallaci, sa takalminka ciki ka rataya. Ƙofofin Harami suna da yawa ainun, da wuya ka fita ta inda ka shiga. Wanda ya rasa takalmi ya taka kwalta da tsakar rana, tafin ƙafarsa ƙonewa yake yi kamar an ɗora a kasko. Mai ciwon sukari shi ya fi shiga haɗari, domin ƙafarsa ba ta jin zafi sosai, sai ya ƙone bai sani ba, miki kuwa ba ya warke masa da wuri. Irin wannan mutum ya duba ƙafarsa kowane dare, har tsakanin yatsu, kuma kada ya taka ƙasa ba takalmi ko taku goma.

RANA DA ƘISHIRWA

Kada ka ce ai mu mutanen zafi ne. A Hajjin 2024 ma'aunin zafi ya kai 51.8 a Makka, hukumar Saudiyya kuma ta ba da sanarwar mutuwar mutum 1,301. Ta ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji, sun yi doguwar tafiya a rana ba inuwa ba wurin hutawa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Saboda haka waɗannan su shiga jakar baya:

1. Laima fara ko mai haske, mai ƙarfin ƙarafa. Hukumar lafiya ta can tana kira a riƙe ta kullum. Mai tambaya game da hukuncinta cikin harami ya yi wa malamin bita tun a gida.

2. Gorar ruwa ta lita ɗaya. Akwai famfuna da ruwan sha a hanya, ka riƙa cikawa.

3. 'Yar kwalbar feshi, don fesa ruwa a fuska da wuya.

4. Ƙunshin garin gishiri da sukari, irin wanda muke bayarwa a ɗakin magani, guda goma. A zuba ƙunshi ɗaya a yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a sa ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Da yawa sukan ƙi shan ruwa a Mina don gudun layin banɗaki. Wannan ganganci ne babba. Sha kaɗan-kaɗan tun ƙishirwa ba ta zo ba. Duba fitsarinka: in ya yi ja, ko ya yi kaɗan, ruwan jikinka ya ja baya. In ka ga ɗan'uwa jikinsa ya yi zafi ƙwarai, yana tangaɗi, ko yana maganar da ba kai ba gindi, to rana ta buge shi. Kai shi inuwa, jiƙa masa jiki da ruwa, yi masa fifita, ka kira ma'aikata nan da nan. Lambar motar asibiti a can 997 ce. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki.

DAREN MUZDALIFA DA RANAKUN JIFA

Don Muzdalifa, 'yar shimfiɗa mai naɗuwa ta isa, da mayafin nan naka, da ƙaramar tocila. A nan akan tsinci tsakuwa, kowace kamar ƙwayar wake: 49 ga mai barin Mina ranar 12, ko 70 ga mai kaiwa ranar 13. 'Yar jakar ƙyalle ko gorar ruwa da ta ƙare ta ishe su.

In za ka jifa, bar jaka a tanti. Ruwa, da laima, da tsakuwa, da katinka, shi ke nan. A watan Janairu na 2006 mutum fiye da 340 suka rasu a bakin wurin jifa, kuma abin da ya fara jawo shi kaya ne da suka zube a hanya, mutane suka yi tuntuɓe, na baya suka danno. An sāke gina wurin mai hawa-hawa tun daga nan, an kuma tsara wa kowace ƙungiya lokacinta. Bi lokacin da aka ba ku. In wani abu ya faɗi a cikin taro, ko takalmi ne, kada ka sunkuya.

ASKI

Ranar Salla dubban maza ke neman aski lokaci guda. Reza ɗaya in ta bi kai biyar, tana iya ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau daga jinin wani ta kai wa wani, kuma ba a gani da ido. Ka je shagon da hukuma ta ba izini, ka ga an ɓare sabuwar reza a gabanka. Masu aski a bakin hanya, wuce su. In ɗan'uwanka ne zai yi maka, kowa da tasa reza. Mace ƙaramin almakashinta ya ishe ta.

ALLURA DA MAGUNGUNA

Katin allura kaya ne, har ya fi riga. Sanƙarau ya ɓarke a Hajjin 1987, ya sāke a 2000 da 2001, ya kuma bi alhazai zuwa ƙasashensu. Shi ya sa ba a shiga sai da shaidar allurar sanƙarau mai kare iri huɗu, wadda aka yi aƙalla kwana 10 kafin isa. Mutanen Nijeriya da Nijar ana neman su da shaidar allurar shawara, wadda tun 2016 sau ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Akan nemi ta shan inna kuma. Kada ka yarda wani ya buga maka hatimi ba a yi maka allurar ba. Hatimi ba ya hana ciwo.

Ranar gwajin lafiya ka faɗi gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mai fuka, da mai farfaɗiya, kowa ya ɗauki maganin da zai ishe shi dukan tafiyar, ya ƙara na mako biyu, gama jirgin dawowa yakan yi jinkiri. Maganin ya zauna cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita. Kada a ɓare ƙwayoyi a haɗa su cikin leda ɗaya. A sa shi a jakar hannu, domin babbar jaka tana iya ɓata kwana uku. Mai allurar insulin ya nemi yadda zai kare ta daga zafi, ya kuma riƙa yawo da dabino ko alewa saboda faɗuwar sukari. Ya gaya wa abokin ɗakinsa ciwonsa.

Ga kowa: farasitamol, da filasta, da bandeji ɗaya. Mai tabarau ya ɗauki na biyu. Akwai asibitin alhazan ƙasarku a Makka da Madina, akwai na Saudiyya a Mina da Arfa. Ciwo in ya wuce kwana biyu, je can.

Tari da mura su ne ciwon da ya fi kama alhazai. Ɗauki takunkumin hanci da yawa, ka canza in ya jiƙe, ka wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan banɗaki. Akwai wata mura mai tsanani da aka gano a ƙasar a 2012, wadda ake ɗauka daga raƙuma. Kada ka sha ɗanyen nonon raƙumi, kada ka je garkensu yawon kallo.

ABIN DA ZA A BARI A GIDA

Risho da tukunyar gas. A 1997 wuta ta tashi a Mina, ta cinye dubban tantuna, mutum fiye da 300 suka rasu. Bayan haka aka kafa tantunan da ba sa kama wuta, aka hana girki a ciki.

Ɗanyen abinci da nama. Ba a yarda a shiga da su ba, ana kuma raba wa alhazai abinci. Wanda aka raba, ci shi da zafinsa. Shinkafar da ta yi fiye da awa biyu a ajiye cikin zafin nan, zubar, ko da ba ta yi wari ba.

Goro. Hukumomin alhazai suna gargaɗi a kansa kowace shekara. Mai cin goro ya fara ragewa tun yanzu.

Tiramol, da maganin tari mai kodin, da ƙulle-ƙullen garin magani marasa suna. Dokar ƙwaya a Saudiyya tana kaiwa har ga hukuncin kisa.

Saƙon da ba ka buɗe ka gani ba, ko na wane ne. An sha tsare mutanenmu a can saboda kayan da ba nasu ba. A filin jirgi ka ƙidaya jakunkunan da aka rubuta da sunanka, kada su fi waɗanda ka kawo.

Zinariya da kayan ado, Hajiya, su jira ki a gida.

IN ZA A DAWO

Bar wuri a babbar jaka don tsaraba, amma kada tsaraba ta sa ka ɗauki abin da zai karya maka baya. Zamzam ba a sa shi cikin jaka, akan ba kowane alhaji lita 5 ta hannun hukuma. In ka dawo da zazzaɓi, ko tari mai hana numfashi, ko sanƙarewar wuya cikin mako biyu na farko, zo ɗakin magani da wuri, ka ce daga Makka kake. Kafin nan ka rage rungumar jikoki.

Ku 'ya'ya masu haɗa wa iyaye kaya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kada ku haɗa a bayan idonsu. Ku zauna tare, ku nuna musu kowane abu da inda yake, su sa da hannunsu, su fitar, su sāke sawa. A Mina ba ku nan.

Allah ya kai ku lafiya, ya karɓi ibada, ya dawo mana da ku lafiya. Amin.